Haƙoran ɗana sun fara ruɓewa, kuɗin da aka yanka mini ya fi ƙarfina: ina mafita?

Maman Hanif daga Kano ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sani a taimaka mini da shawara, daren jiya ne na uku da ban runtsa ba.

Ɗana Hanif shekararsa huɗu da wata bakwai. Tun bara na lura haƙoransa na gaba na sama, guda huɗun nan, sun yi wani fari-fari kamar alli daga gindinsu wajen dasashi. Ban ɗauke shi a bakin komai ba, na zaci madara ce ke bushewa a wurin. A hankali farin ya koma ruwan ƙasa, yanzu biyu daga cikinsu sun guntule kamar ɓera ya gwaigwaye su. Wannan ma bai tayar mini da hankali ba tunda ba ya kuka da su. Na ciki ne ya hana mu sakat. Turminsa na ƙasa ta hagu ya yi kogo, duk abin da ya ci sai ya maƙale a ciki. Ranar Talata na haɗa masa shayi da burodi, kurɓa ɗaya ya yi ya saki kofin ya dafe kunci yana ihu. Tun daga ranar da ɓari ɗaya yake tauna. Da dare kuwa wajen ƙarfe biyu zai farka, in goya shi, ƙaton yaro, ina zagaye tsakar gida da shi har a kira assalatu.

Shekaranjiya na kai shi wani asibitin haƙori na kuɗi da ke kusa da mu. Kati kaɗai dubu biyar. Likitar ta duba da ɗan madubinta, ta ce ai ba ɗaya ba ne, turame uku ne suka taɓu ban da na gaban. Ta lissafa hoto da ciko da sauran aiki, abin ya tashi dubu tamanin da wani abu. Ni albashina a makarantar da nake koyarwa dubu talatin da biyar ne. Babansa adaidaita sahu yake ja, kuma ba tasa ba ce, kullum sai ya kai balas kafin a yi maganar cefane. Na yi wa likitar godiya, na ce zan dawo, ni da ita duk mun san ba dawowar zan yi ba.

Da na dawo gida Hajiya, kakarsa ta wajen uba, ta ce ban san ciwon kuɗi ba. Wai haƙoran nono ne, in ya yi famfara duk zubewa za su yi, ita 'ya'ya tara ta haifa babu wanda ya taɓa ganin likitan haƙori. Ta daka kanumfari ta cusa masa a kogon. Ta ce ranar kasuwa a kai shi wurin mai cire tsutsar haƙori. Babansa kuma ya biya kemis aka haɗo masa maganin ruwa kala biyu, ɗaya na ciwo ɗaya na kashe ƙwayoyin cuta.

Bari in faɗi nawa laifin don mai ba ni shawara ya san inda zai kama. Hanif ya sha fida har ya kusa shekara uku, kuma da ita yake barci: shayi mai madara da sukari, wani lokaci koko. In ba ita a bakinsa ba ya barci, ni kuma ga aiki da safe. Burushi sau ɗaya yake yi, da safe, shi da kansa, ina can ina haɗa kayan makaranta. Na taɓa sayo masa makilin na yara mai hoton katun dubu uku da ɗari takwas, sati biyu ya yi ya lashe shi kamar alewa. Kuɗin tara naira ɗari nake ba shi, kuma na san wurin mai tebur ɗin bakin makaranta suke ƙarewa, alewa mai tsinke ko cingam. In ya taso Islamiyya sai ya bi ta ɗakin Hajiya, tana da wata robar minti da tuwon madara a ƙarƙashin gado don jikoki.

Abin da nake son sani: da gaske ne asara ce kashe kuɗi a kan haƙoran nono? In ba asara ba ce, ina talaka zai je? Sannan ga ƙanwarsa Amira, wata goma sha huɗu, haƙoranta shida farare tas, ina kallonsu gabana yana faɗuwa, don abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Me zan yi mata wanda ba sai na ci bashi ba? Aswaki kaɗai zai wadatar?

Ummu Khairat ta amsa:

Wa alaikumus salam. Sannu Maman Hanif, Allah ya ba shi lafiya. Na sha irin wannan da 'yata ta biyu. Ki kai shi sashen haƙori na asibitin gwamnati, ki yi sammako, ki tafi da abin karinku don za ki daɗe a layi. Ni abin da na kashe gaba ɗaya har da cire haƙorin bai kai kuɗin kati da hoto na asibitin kuɗi ba. Mai cire tsutsa kuwa kada ki soma. Maƙwabciyarmu ta kai nata, aka turara masa hayaƙi a baki, aka nuna mata wasu fararen abubuwa a cikin ruwa wai su ne tsutsotsin, ta biya dubu biyu. Bayan kwana huɗu kuncin yaron ya zama kamar an sa masa ƙwallon mangwaro.

Malam Auwal (ma'aikacin haƙori) ya amsa:

Maman Hanif sannu da jinya. Aikina ke nan shekara goma sha huɗu a wani babban asibitin gwamnati a Jigawa, kuma maganar da Hajiya ta faɗa ina jin ta kusan kullum, wani lokaci daga bakin 'yan boko ma. Tana da rabin gaskiya. Na gaban nan huɗu za su zube wajen shekara shida zuwa takwas. Amma turamen nono ba sa faɗuwa sai yaro ya kai tara zuwa goma sha biyu. Ki lissafa: Hanif bai cika biyar ba. Wa zai iya goya shi yana zagaye tsakar gida har shekara biyar ko shida masu zuwa?

Ban da ciwon, akwai abin da ba a gani. A ƙarƙashin kowane haƙorin nono, cikin ƙashin muƙamuƙi, na dindindin yana nan yana girma. In na saman ya ruɓe har ya tara mugunya a saiwarsa, yana iya ɓata na ƙasan tun bai fito ba. Kuma turmin nono shi ke riƙe wa magajinsa wuri. In ya fita da wuri, na kusa da shi sukan matso su cike gurbin, babban ya zo fitowa ya rasa hanya ya fito a karkace. Haƙoran nono ashirin ne, kowanne da wanda yake tsare wa waje.

Yadda kika ce yana farkawa tsakar dare da ciwo ba tare da ya ci komai ba, wannan yakan nuna ruɓar ta kai ga jijiyar da ke cikin haƙorin. In haka ne, ciko kaɗai ba zai yi ba, sai dai a wanke cikinsa a rufe, ko a cire. Wanda ya duba bakinsa da idonsa ne zai yanke wannan, ni daga nan ba zan iya ba. Amma ga dabarar da mutane ba su sani ba: ba dole ne a yi duka aikin rana ɗaya ba. Ki faɗa wa likita gaskiyar aljihunki, ki ce a fara da wanda ke hana shi barci, sauran a bi su ɗaya bayan ɗaya. Babu ma'aikacin kirki da zai ƙi. Tunda a Kano kike, akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ɗaliban haƙori na Jami'ar Bayero ke koyon aiki, akwai kuma a Asibitin Murtala. In ke ko babansa kuna cikin wani tsarin inshorar lafiya, na jiha ko na tarayya, ki tambaya ko cire haƙori da ciko suna ciki kafin ki ciro kuɗi.

Ƙananan kogunan da ba su kai jijiya ba, akwai cikon da ake yi da kayan hannu kawai, ba injin haƙa, sau da yawa ba allura. A kankare ruɓar a cike da wani farin siminti mai sakin fuloraid a hankali, wato sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori. A Tanzaniya aka fara wannan hanya a shekarun 1980, saboda wuraren da babu wutar lantarki, kin ga kamar don mu aka yi ta. Akwai kuma wani ruwan magani mai sinadarin azurfa da ake ɗigawa a wurin ruɓar ya tsayar da ita. Aibinsa ɗaya, wurin yakan koma baƙi ƙirin har haƙorin ya faɗi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi, da simintin nan, da makilin mai fuloraid, cikin jerin magungunan da ta ce bai kamata a rasa su a kowace ƙasa ba. Ba ko'ina ake samun ruwan ba tukuna, amma ki tambaya, bakinki ne.

Maganin kemis: farasitamol na yara daidai nauyinsa zai rage masa raɗaɗi kafin ku je. Na kashe ƙwayoyin cutar kuwa ba ya toshe kogo, ko kwalba goma ya sha ramin yana nan. Kada a ba shi asfirin, kada kuma a danna masa ƙwayarta a dasashi, ƙona wurin take yi. Na ga wanda aka ɗiga wa ruwan batir, na ga na fetur. Kanumfarin Hajiya yana kashe zafi na ɗan lokaci, gaskiya ne, amma in ya yi yawa yakan saɓule dasashin yaro. In kuwa kika ga kunci ya kumbura, ko kumburin ya doshi ido ko ƙasan haɓa, ko zazzaɓi ya rufe shi, ko ya kasa buɗe baki ko haɗiya, kada ki jira gari ya waye.

Tsutsa kuwa babu ita. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna zaune cikin farin dattin nan mai yauƙi da kike kankarowa da farce a jikin haƙori. Abincinsu sukari. In suka ci sai su fitar da tsami, tsamin ya riƙa narkar da ɓawon haƙori na wajen minti ashirin zuwa talatin kafin yawu ya wanke shi ya fara gyara ɓarnar. Farin allin da kika gani bara, farkon narkewar ke nan, kuma a wannan matakin makilin kaɗai yana iya tsayar da ita. To ki duba ranar Hanif: shayi da safe, alewa mai tsinke ƙarfe tara wadda zai yi rabin awa yana tsotsa, cingam, mintin Hajiya da la'asar, tuwon madara, wataƙila zoɓo mai sukari da yamma. Yawun bai gama gyaran wannan ba an sake kunno wata. Shi ya sa alewa biyar a zama ɗaya bayan cin abinci ta fi alewa biyar a warwatse cikin yini sauƙin ɓarna. Mafi muni ita ce fidar dare, domin in mutum ya yi barci yawu yakan ragu ƙwarai, shayin ya kwanta a bayan leɓen sama har safe. Harshe yana rufe na ƙasa, shi ya sa na sama huɗun nan suke fara tafiya. Da na ga yaro da wannan alamar ba na ma tambaya, na san da fida yake kwana.

Yanzu maganar da ta fi kowacce araha. Ki manta da makilin mai katun. Wasu daga cikinsu fuloraid ɗinsu kaɗan ne, wasu babu ma sam, ƙamshi da zaƙi kike saya. Ɗauko wanda kuke amfani da shi ke da babansa, ki juya bayansa ki nemi kalmar fluoride da wata lamba mai ppm a gabanta. In kin ga 1000 ko sama da haka, yawanci 1450 za ki gani, shi ke nan, ya ishi gidan gaba ɗaya. Abin lura shi ne yawan da za a sa. Amira, da duk yaron da bai kai uku ba, ɗan shafe kamar ƙwayar shinkafa. Hanif, daga uku zuwa shida, kamar ƙwayar wake. Ba a cika burushi dam kamar yadda ake nunawa a talla, masu sayarwa ne ke son ya ƙare da wuri.

Sau biyu a rana, kuma in ɗaya ne kawai zai samu, na dare ne. Bayansa ba abin da zai shiga baki sai ruwa. In an gama ya tofar kawai, kada ya kurkure, don ragowar makilin da ya zauna a haƙorin shi ke aikin. Na san wannan yana yi wa mutane banbaraƙwai, mun saba da kurkurewa sau uku. Kuma ke za ki goge masa, ba shi ba, har ya kai bakwai ko takwas. Yaron da bai iya ɗaura igiyar takalminsa ba bai iya wanke turminsa ba. Ki zauna a tabarma ki miƙe ƙafa, ki kwantar da kansa a cinyarki kamar za ki yi masa kitso, ki ɗaga leɓen da yatsa, ki bi inda haƙori ya haɗu da dasashi, minti biyu. In kin ga ɗan jini a kwanakin farko kada ki daina, dattin ne ya kumbura dasashin, cikin sati ɗaya ko biyu zai tsaya. Kowane yaro da burushinsa, mai ƙaramin kai mai laushi, na ɗari biyar ma ya yi, a sauya in gashinsa ya baje.

Wajen shekara shida ki sa ido: wani babban turmi zai fito can ƙurya bayan na nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Na dindindin ne. Iyaye da yawa suna zaton na nono ne su bar shi ya ruɓe, shi ne haƙorin da na fi cirewa a bakin 'yan shekara goma sha.

Aswaki ina yi, ina kuma sa 'ya'yana. Sunna ce, Annabi (SAW) ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da shi a kowace sallah, kuma a hannun babba da ya iya, yana fitar da datti sosai. Sai dai ɗan shekara huɗu tauna shi kawai zai yi, ba zai kai shi ƙurya ba, na darbejiya ma ɗacinsa ba zai bari ya karɓa ba. Kuma ba zai ba shi fuloraid ɗin da haƙoransa ke bukata yanzu ba. In wata ya yi nisa babu kuɗin burushi, ki tauna kan aswakin da ba a yi amfani da shi ba, a'a, ki daddaka shi da dutse mai tsabta ya yi laushi, ki ɗan shafa makilin a kai ki goge masa. Na gyara maganata ne don ƙwayoyin cutar nan daga bakin manya suke zuwa bakin jarirai, ta cokali ɗaya da tauna musu abinci. Gawayi da toka da gishiri kuwa a bar su, kankare ɓawon haƙorin yaro suke yi.

Baban Nana daga Maraɗi ya amsa:

Malam Auwal, Allah ya saka da alheri, amma ni wannan fuloraid da kake yabo tsoro yake ba ni. Dangin mahaifiyata 'yan Tibirin Gobir ne, nan kusa da Maraɗi. Daga tsakiyar shekarun 1980 har wajen 2000 garin ya sha ruwan wata rijiyar burtsatse da wannan sinadari ya yi wa yawa. Yaran da suka tashi a lokacin, haƙoransu jajaye kamar na tsohon mai cin goro, wasu ƙafafunsu sun lanƙwashe, har yau suna nan muna gaisawa da su. Shi ya sa ni 'ya'yana aswaki da ruwa kawai nake ba su. Yaya za a ce in sa wa jaririya abin da na ga ya yi wannan?

Malam Auwal ya sake amsawa:

Baban Nana, tsoronka yana da tushe, abin da ya faru a Tibiri gaskiya ne, mu ma muna da wuraren da ruwansu yake haka, kamar yankin Langtang a Filato. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 a kowace lita, ruwan Tibiri ya ninka wannan sau uku ko fiye, kuma yara suka yi shekaru suna shan sa, ana dafa musu abinci da shi. Wancan haɗiya ce ta kullum. Na makilin shafawa ake yi a tofar, shi ya sa na dage a kan ƙwayar shinkafa da ƙwayar wake, kuma a ajiye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa, kada a maimaita abin da Hanif ya yi wa mai katun. In a unguwarku yara da yawa suna tasowa da haƙora masu dabbare-dabbaren fari ko ja, to ruwan sha za a kai a auna, kuma ka gaya wa likitan haƙori kafin ka zaɓa musu makilin.

Anti Dije ta amsa:

'Yata, Malam Auwal ya gama maganar asibiti. Ni tsohuwar ungozoma ce, na yi ritaya, jikokina goma sha ɗaya, bari in yi miki ta Amira da ta Hajiya.

Amira tana cikin fitar da haƙora yanzu, za ta yi ta dalalar da yawu da cizon duk abin da ta samu. Ki wanke yatsa ki murza mata dasashi, ko tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi. Kada ki sayi maganin haƙori na kwalba ko na gari a kemis. Ku yara ba lallai ku tuna ba, daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a ƙasar nan, har da Zariya, saboda wani sinadari mai guba da ya shiga cikinsa ya lalata musu ƙoda. Sannan in ta yi zawo ko zazzaɓi mai zafi kada ki yarda a ce miki “haƙori ne”. Na ga yara da yawa da aka zauna da su a gida ana jiran haƙori ya fito, ashe maleriya ce. Kafson nan ja da rawaya da ake fasawa a zuba wa yara a koko in suna zawo, shi ma kada ki bari, yana rina haƙoran da ba su fito ba, rinin da ba ya fita har abada.

Nono ki ci gaba da ba ta har shekara biyu in Allah ya nufa. Fida ce ba ta da wuri a gidanki kuma. Ki koya mata kofi. Kokonta kada ki sa sukari, ba ta san shi ba, ba za ta nema ba, mu ne muke koya musu. Lemon kwalba ɗaya akwai sukarin da ya kai cokalin shayi takwas ko tara, amma sai ki ga an ɗura wa ɗan wata goma a gidan suna ana dariya yana yamutsa fuska. Maganin ruwa na yara ma yawanci da sukari a ciki, in kin ba su da dare ki bi da burushi.

Kuɗin taran Hanif ki mayar da shi abinci daga gida: awara biyu, ko ƙosai, ko dafaffen dankali, ko ayaba, ko ƙwai ranar da aka samu.  Amira dai ban da gyaɗa da aya, tana iya shaƙewa.

Abu ɗaya zan ƙara don masu karantawa daga ƙauye, ba don Hanif ba. In yaro ramamme, ɗan shekara biyu zuwa shida, musamman bayan ƙyanda, dasashinsa ya fara jini da gyambo, bakinsa yana wari mai tsanani, kunci ya kumbura, a garzaya asibiti ranar. Cutar noma ke nan, cikin 'yan kwanaki take cin fuska, amma in an kama ta da wuri magani mai sauƙi yana tsayar da ita. Akwai asibitinta na musamman a Sakkwato tun 1999, kuma kyauta ake yi.

Hajiya kuwa, kada ki je mata da “likita ya ce”. Ni ma kaka ce, na san yadda maganar suruka take sauka a kunne. Robar mintin nan ita ce abin da take da shi na jawo jikoki ɗakinta, in kika ce ta daina kamar kin ce kada su zo ne. Ki sa ɗanta ya yi mata maganar. Ranar zuwa asibiti kuma ki roƙe ta ta raka ku, ki ce ke tsoro kike ji, Hanif ya fi jin maganarta. Ta gani da idonta.

Maman Hanif ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yi shiru kwana tara, ga yadda aka yi.

Anti Dije, dabararki ta ci. Hajiya ta saka mayafinta na zuwa biki ta raka mu. Mun isa bakwai saura, ba a kira mu ba sai sha ɗaya da rabi. Likitan, wani saurayi, ya kira ta Mama, ya haska fitila ya ce ta matso ta leƙa. Ta leƙa ta ga ramin da wani ɗan ƙurji a gefen dasashi wanda ni ma ban san da shi ba, ya danna kaɗan mugunya ta fito. Ba ta ce komai ba sai salati. Turmin bai ceto ba, an cire. Hanif ya yi ihun allurar, Hajiya ce ta riƙe masa hannu tana yi masa kirari. Kati da hoto da cirewa da magani, dubu goma sha ɗaya da ɗari biyar, har kuɗin mota. Sauran biyun an ce ciko zai yi, an ba mu ranar ɗaya a wata mai zuwa, ɗayan a na bayansa. Na gaban ya shafa musu wani abu mai ɗanƙo ruwan zuma, ya ce kada ya ci abu mai tauri sai gobe. Na tambayi ruwan azurfar da Malam Auwal ya faɗa, ya ce ya san shi amma ba su da shi.

Daren farko da na kwantar da shi a cinya sai da babansa ya riƙe ƙafafu. Yanzu ya saba, shi ke ɗauko tabarmar, sharaɗinsa sai an fara da Amira yana kallo. Rashin kurkurewar ne har yau yake gardama a kai, ni ma da na gwada sai na ji wani iri. Barci dai muna yi.

Hajiya ta ce ta mayar da minti sai ranar Juma'a bayan tuwon rana, kuma ita da kanta take tambaya ko an goge masa na dare. Sai dai jiya ya dawo daga ɗakinta yana ta rufe baki da hannu. Na ce buɗe in gani. Harshen nan shuɗi shar. Na ce wa ya ba ka? Ya ce Hajiya ta ce in ya faɗa ba za ta ƙara ba shi ba. Anti Dije, jiyan Talata ce fa. Ta nan kuma ta ina zan ɓullo?